Neman kalma: naɗewar furotin da curewarsa, kafin ɗaukar shiri ranar Alhamis

Malama Habiba, Garwa

Assalamu alaikum malamaina. Agaji nake nema cikin gaggawa. Ranar 21 ga Satumba ce ranar cutar Alzaima (cutar mantuwa da ke kama ƙwaƙwalwa) ta duniya, kuma sashen Hausa na rediyonmu zai yi shirin minti 30 a kan aikin Christopher Dobson, masanin sinadaran jiki ɗan Ingila, wanda aka haifa a 1949 ya rasu a watan Satumba na 2019. Aikinsa a kan yadda furotin ke lalacewa ya taru a jiki ne, kamar yadda ake gani a Alzaima. Da Faransanci takardar shirin take, ɗauka kuwa ranar Alhamis da safe. Kalmomi biyar ne suka tsaya min a wuya: repliement, mauvais repliement, agrégation, amyloïde, da chaperon. Masu sauraronmu 'yan kasuwa ne da matan gida da makiyaya masu jin Hausa har wajen Gidar da Figil, don haka ba na son kalmar da sai an yi mata tafsiri kafin a gane ta.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Wa alaikumus salam Malama. Ta farko: naɗewa. Furotin zare ne na ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20, da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya aiki sai ya naɗe ya ɗauki siffarsa. Naɗewa na ce, ban ce naɗi ba, saboda naɗi yana neman mai naɗawa, alhali furotin shi ke naɗe kansa. Abin da Christian Anfinsen ya nuna ke nan da wani furotin mai suna ribonukiliyas, mai amino asid 124 da ƙulli 4 na sulfa. Ya zuba masa sinadarin yuriya mai ƙarfi sosai tare da sinadarin da ke kwance ƙullin, zaren ya warware, aiki ya tsaya. Da ya tace sinadaran suka fita ya bar iska ta shiga, sai zaren ya koma siffarsa, aiki ya dawo. A kan wannan ya sami kyautar Nobel a 1972. Ke nan kin sami biyu: naɗewa da warwarewa.

Abba, Kusiri

Dakta, me ya hana ninki? Ninke takarda, ninke zane. Shi ne daidai da plier ta Faransanci, tushen repliement.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Ninki biyu, ninki uku, Abba. Mai sauraro zai ji "furotin ya ninku" ya ɗauka yawansa ne ya ƙaru. A shirin da ke maganar abin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa, wannan ruɗanin kaɗai ya isa ya ɓata komai.

Hajiya Zara, Njamena

Na yarda da naɗewa. Ga ta biyu ina ba da naɗin baibai. Dalilina na sinadari ne. A cikin amino asid akwai masu gudun ruwa, irin su balin da lusin da fenilalanin, akwai kuma masu son ruwa. Idan naɗewa ta yi daidai, masu gudun ruwa suna lafewa a ciki, masu son ruwa suna fuskantar waje. Idan ta ɓaci, na ciki ne ke fitowa fili, su manne da 'yan uwansu na wani zaren. Ciki ya koma waje, kamar wanda ya sa riga baibai. Duk tsohuwar da ta ji za ta gane ba tare da ƙarin bayani ba.

Gwajin Anfinsen ma yana da wannan ɓangaren, Dakta bai kawo shi ba. Idan aka bar ƙullin sulfa suka ɗauru alhali yuriya na nan, sai su ɗauru barkatai. Wuraren ɗauri 8 ne, hanyoyin haɗa su bibbiyu 105, ɗaya tak ce daidai, shi ya sa aikin da ke saura bai wuce kashi 1 cikin 100 ba.

Malama Habiba, Garwa

Naɗin baibai ya zauna min a baki, Hajiya. To agrégation fa? Na rubuta "taruwa", amma ji nake ta yi sanyi.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Ta yi sanyi kam, jama'a ma taruwa suke yi su watse. Curewa. Amma a nan nake so ki yi hattara, domin masu fassara da yawa suna haɗa ta biyu da ta uku su yi musu kalma ɗaya, kuma da an yi haka shirin ya rushe. Akwai naɗin baibai da ba ya kai ga curewa, akwai curewar da babu naɗin baibai a cikinta.

Misalin na farko cutar da ake kira mukobisidos, wadda ta fi yawa a Turai. Amino asid ɗaya ne, na 508, ya ɓace daga wani furotin. Ƙwayar halitta tana gane cewa bai naɗe daidai ba, ta niƙe shi tun bai isa wurin aikinsa ba. Ciwon daga rashin furotin ɗin yake zuwa.

Misalin na biyu yana cikin gidajenmu: sikila. A zaren beta na himogulobin, mai amino asid 146, na 6 ne ya canja, balin ta maye gurbin gulutamik asid. Furotin ɗin ya naɗe lafiya lau, yana ɗaukar iskar oksijin. Amma balin mai gudun ruwa ce, ga ta a waje. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin, sai ta sami gurbi a jikin na kusa da shi, su jeru su zama dogayen sanduna da ke lanƙwasa ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Oksijin na dawowa sandunan su narke. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin na mai sikila daban yake, Vernon Ingram kuma ya gano canjin amino asid ɗin a 1956 zuwa 1957. Ki sa wannan a shirin, Malama, domin babu unguwar da ba a san amosanin jini ba.

Modibbo Sali, Marwa

Assalamu alaikum. Na karanta duka. 'Ya'yana, kun fara gini daga rufi. Kuna ta neman Hausar naɗewa da curewa, amma abin da ke naɗewar kun bar shi da sunan aro. Furotin Hausar ina ce? Muna da gina, muna da jiki. Maginjiki. Kalma ɗaya, a kan tsarin magini da masaƙi, jam'i maginjikai.

Amyloïde kuma na daɗe da yi mata suna: tufkau. Ku dubi yadda abin yake. Siraran zare ne, daga 2 zuwa 6, suna murɗe da juna su ba da igiya ɗaya mai kaurin nanomita 10 ko kusa da haka (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ba ta da reshe. A cikin kowane siririn zare, furotin suna kwance ne a gicciye, tsakanin kowane da na bayansa nanomita 0.47, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ko daga wane furotin aka yi shi. Wannan ai tufka ce. Bahaushe yana da mantau da makarau da jiƙau, me zai hana tufkau? Har curewar taku ma ba a bukatarta. A ce maginjiki ya tufku, an gama.

Hajiya Zara, Njamena

Allah ya gafarta Malam, siffar da ka kawo daidai ce, babu inda zan taɓa. Amma maginjiki ba zai ɗauki kayan ba. Insulin furotin ne mai amino asid 51, ba ya gina komai, saƙo yake kaiwa. Laisozayim da ke cikin hawaye da miyau, wanda Dobson ya shafe shekaru a kansa, bangon ƙwayoyin cuta yake fasawa. Dafin kububuwa da ke kashe manoma a kwarin Binuwai, mafi yawansa furotin ne. Za mu ce wa mutumin Garwa maginjiki ne ya hana jinin ɗan uwansa daskarewa? "Sinadarin gina jiki" yana da wurinsa a shirin abinci, inda ake maganar wake da nama da ƙwai. A nan bai isa ba.

Modibbo Sali, Marwa

Hajiya, suna ba ya ɗaukar dukan aikin mai shi. Maƙeri yana noma, ba a fasa ce masa maƙeri ba. Su Turawan da kuke bi, amyloïde ɗin tasu ma'anarta "mai kama da sitaci", saboda Rudolf Virchow a 1854 ya ɗiga wa abin aidin ya ga launi ya canja, ya zaci dangin sitaci ne. A 1859 Friedreich da Kekulé suka nuna furotin ne. Shekara fiye da 160 suna riƙe da sunan da aka gina a kan kuskure, babu wanda ya ce su sake. Mu kuwa namu sai ya zama ba shi da aibi ko ɗaya kafin ku karɓa.

Abba, Kusiri

Baffa Modibbo, da girmamawa. Yaran da ke lise, wato babbar sakandare, a Marwa da Kusiri da Faransanci za su rubuta jarrabawa, protéine za su gani a takarda. Wanda ya ji furotin a rediyo ya riga ya sami gada. Kuma kafofin Hausa na Najeriya da na ƙetare furotin suke cewa. Idan ana son sabuwar kalma ta tsaya, ai sai ta bi ta Kano, inda Jami'ar Bayero take da cibiyar nazarin harsuna. Mu a nan wa zai bi mu?

Modibbo Sali, Marwa

Ka ji irinta ko! Wa zai bi mu. Kakanninmu sun shigo Garwa da Marwa da Ngaundere da fatauci tun kafin Jamus ta san hanyar Adamawa, da Hausarsu a bakinsu. Ba Kano kaɗai ta haifi harshen nan ba, kuma ba a yanka mata takardar mallakarsa ba. Kullum mu ne masu karɓa: daga Faransa mu karɓa, daga Najeriya mu karɓa, mutanen Hajiya kuma daga Larabci. Ranar da muka ƙago tamu, ɗanmu ne zai fara cewa a kai ta Kano a sa mata hannu.

Hajiya Zara, Njamena

Malam, aro ba bara ba ne. Littafi da alƙalami da sabulu duk aro ne, har Modibbo ɗin da muke kiranka da shi daga Fulatanci ya shigo mana. A Njamena mai Larabci burutin yake cewa, mai Faransanci protéine, mai Hausa furotin, su ukun suna fahimtar juna a bakin kantin magani. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mara lafiya. Amma Abba, kai ma ka yi sauri. Naɗin baibai daga nan ya fito yau, ba mu jira kowa ba.

Malama Habiba, Garwa

Malamaina, don Allah. Yau Talata.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Mu koma kan tufkau, domin ita ce ke da hujja. Matsala biyu nake gani, Modibbo.

Ta ɗaya ta kunne ce. Mun riga mun ɗauki warwarewa. A kunnen Bahaushe kishiyar warwara ita ce tufka, tufka da warwara. Idan Malama ta ce furotin ya warware, can kuma ta ce ya tufku, mai sauraro zai ɗauka gyaruwa ya yi. Ga shi kuwa tufkuwar ita ce cutar.

Ta biyu ta ilimi ce, kuma ita ce zuciyar aikin Dobson. Ba kowane curi ne igiya ba. Farin ƙwai idan ya ji wuta, tun daga wajen digiri 60 furotin ɗinsa suke fara warwarewa su cure barkatai, babu jeri babu tsari. Wannan curi ne, amma ba tufka ba. Sannan kafin igiyar ta samu akwai ƙananan curi na furotin kaɗan kaɗan, masu yawo a ruwa. A 1998 Dobson da abokan aikinsa sun ga wani guntun furotin mai suna SH3, wanda ba shi da alaƙa da kowace cuta, ya zama igiyoyin amiloyid da aka bar shi a ruwa mai tsami. A 2001 suka yi haka da mayogulobin na tsoka. Daga nan ya kafa hujjar cewa kusan kowane furotin zai iya shiga wannan siffa idan yanayi ya ba da dama, kuma abin tambaya shi ne yadda jiki ke hana hakan. A 2002 kuma, tare da masu bincike na Fulorans a Italiya, suka nuna cewa ƙananan curin farko sun fi gamammiyar igiya illa ga ƙwayoyin halitta. Idan muka ce komai tufkau ne, da wane baki Malama za ta faɗi wannan? Dole curewa ta tsaya a matsayin uwa, igiyar ta zama ɗaya daga cikin 'ya'yanta.

Ga yadda ake ganinsa a ɗakin gwaji, ko zai taimaka wajen tsara bayani. Ana zuba furotin da wani rini mai suna tiyofilabin T, a haska shi da haske mai tsawon nanomita 440 zuwa 450, a auna abin da yake mayarwa a wajen 482. Da fari shiru, awanni suna wucewa babu motsi. Sai hasken ya tashi gaba ɗaya, sannan ya daidaita. Idan aka ɗebo 'yar tsohuwar igiya aka jefa tun farko, lokacin shirun nan yana gajarcewa ƙwarai ko ya ɓace. Wannan 'yar igiyar ina ganin iri za mu kira ta, kamar irin shuka. Abin da ke ɓata gwajin shi ne furotin da ya riga ya fara curewa a kwalba ba a tace shi ba, ko bambancin girgiza tsakanin kwano da kwano, sai sakamako ya ƙi maimaituwa.

Abba, Kusiri

Iri ya yi, kuma zai yi wa firiyon aiki. Stanley Prusiner ya ba shi suna a 1982, ya sami Nobel a 1997. Furotin mai naɗin baibai ne da ke juya lafiyayyen ɗan uwansa ya koma irinsa, shi ne sanadin haukar shanu da ta ɓulla a Ingila a 1986. Makiyaya za su kasa kunne a nan. Tafasawa ba ta kashe shi, shi ya sa ƙa'idar Faransa ta gasa kayan tiyata ta kai digiri 134 na minti 18. Amma Hajiya, ina da ja a kan baibai. Amiloyid beta na Alzaima, mai amino asid 40 ko 42, da alfa sinukilin na cutar Fakinsan, mai 140, tun asali ba su da tsayayyar siffa. Abin da ba shi da fuska ta yaya zai zama baibai?

Hajiya Zara, Njamena

Gaskiyarka ƙanena, kuma mauvais repliement ma tana da wannan raunin. Ga waɗannan biyun Malama ta tsallake baibai ta ce kai tsaye sun cure.

Malama, kada shirin ya tsaya a ƙwaƙwalwa kawai. Furotin fiye da 30 ne aka san suna yin amiloyid a jikin mutum, kuma wanda likitocinmu suka fi haɗuwa da shi a ƙoda yake. Mai tarin fuka ko kuturta ko ciwon ƙashi da ya daɗe yana ruwa, hantarsa tana ta zubo wani furotin na kumburi shekara da shekaru, guntayensa su cure a ƙoda, furotin ya riƙa zuba a fitsari, ƙafafu su kumbura. Ana tabbatarwa da rinin jan Kongo: a yanki tsoka da kaurin maikuromita 8 zuwa 10 (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a rina, a duba da madubin da ke tace haske, amiloyid ya ba da kore. Idan aka yanka siriri irin na yau da kullum, 3 ko 4, sau da yawa ba a ganin komai, a sallami mutum da ciwonsa. Akwai kuma wani furotin na jini, taranstairetin, mai sassa 4, wanda idan suka rabu sukan cure a zuciya. Wani nau'insa da ake gada, asalinsa Afirka ta Yamma, yana jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka. Maganinsa tafamidis, wanda ya fito daga binciken Jeffery Kelly, riƙe sassan huɗun yake yi kada su rabu.

Abin da zai fi amfanar mai sauraro gobe da safe kuwa insulin ne. Zafi da girgiza suna sa shi curewa ya daina aiki. Ana ajiye shi a digiri 2 zuwa 8, kada ya ƙanƙare. A bazararmu da zafi ke haura 40, kwalbar da ta wuni a aljihu ko a kan babur abar tuhuma ce. Wanda asalinsa garau yake, in ya yi duhu-duhu ko ɗigo-ɗigo, a zubar. Mai fari-fari irin NPH mirgina shi ake yi a tafin hannu, ba a jijjiga shi, in kuma ya yi gudaji ko ya manne a jikin kwalba shi ma ya tashi daga aiki.

Malama Habiba, Garwa

Wannan zai shiga, Hajiya, da shi zan rufe shirin. Saura chaperon.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Ɗan rakiya. Yana rufe wuraren da ke gudun ruwa har zaren ya gama naɗewa, sannan ya sake shi ya koma, ba ya zama cikin siffar ƙarshe kuma ba shi ke zaɓar ta ba. Wanda aka fi sani, GroEL na bakteriya, zobe biyu ne kowane da sassa 7, da murfi, zaren ya shiga ciki ya naɗe shi kaɗai cikin daƙiƙa kamar 10. Ulrich Hartl da Arthur Horwich ne suka fito da aikin irin waɗannan.

Modibbo Sali, Marwa

Ɗan rakiya ba ni da ja. Hujjar tufka da warwara ma na ji ta, ta shige ni, ko da yake da an fara da tufkau da ba a ɗauki warwarewa ba. Amma amiloyid ba zan sa mata albarka ba, sunan kuskure ne da bakin masu shi. Furotin kuma ku riƙe abinku, ni a ajina maginjiki zan ci gaba da cewa.

Malama Habiba, Garwa

Ga abin da zan karanta, ku duba min:

"Furotin zare ne da ke naɗe kansa kafin ya yi aiki, 'yan rakiya suna taya shi. Wani lokaci yakan warware ko ya yi naɗin baibai, sai ya manne da 'yan uwansa su cure. Ƙananan curin farko su suka fi illa. Daga baya sukan jeru su zama siraran zare da ke tufke da juna, wanda masana ke kira amiloyid, wasu malamanmu kuma tufkau."

Modibbo, sau ɗaya zan ambace ta, sauran wuraren amiloyid zan ce, saboda shi mara lafiya zai gani a takardar asibiti.

Modibbo Sali, Marwa

Sau ɗaya ya yi kaɗan, 'yata, amma ki faɗe ta a sarari, kada ki haɗiye wasalin ƙarshe.

Dakta Usmanu, Ngaundere

Gyara ɗaya, Malama. "Su suka fi illa" ki mayar da shi "bincike ya nuna sukan fi illa ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa", domin a ƙoda da zuciya tulin igiyar kansa yana toshe aiki. Sikila kuma ki ajiye ta a sakin layinta daban, kada kalmar amiloyid ko baibai ta kusance ta, curewa kaɗai.